Fenti na shiga ƙarƙashin salatef, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu zane. Sati uku ke nan ina fama da wani zane mai miƙaƙƙun layuka, irin salon mai zanen nan 'yar asalin Cuba, Carmen Herrera, kore da fari kawai. Fentin akirilik ne, a kan ƙyallen da na shafa wa geso (farin shafen da ake fara yi wa ƙyalle kafin fenti) sau 3. Da na ɓare salatef ɗin takarda da nake liƙawa don layin ya miƙe, sai in tarar koren ya kutsa ƙarƙashinsa, bakin layin ya yi kaca-kaca. Na danne shi da bayan cokali, na rage ruwan fentin, duk a banza. In na bari ya bushe sarai kuma, salatef ya taho da fatar fentin. Abin na damuna matuƙa.

Shin in fara shafa fari a bakin salatef ya toshe ramukan saƙar kafin koren? Ko ƙyallen ne ya cika kaushi? Don Allah ku taimaka mini.