An ɗauke ruwan famfo ga mai jego a gida: tanka ko kura?

Maman Walid: Assalamu alaikum. Kun dai ji sanarwar cewa matatar ruwa ta samu matsala, an ce kowa ya yi tattalin abin da ke hannunsa, ba a kuma faɗi ranar gyara ba. Ƙanwata ta haihu ranar Talata, a wurina take wanka, suna Talata mai zuwa. Mu tara ne a gidan, nan Ƙofar Ƙaura a Katsina. Tankinmu mai lita 1,000 ya sauka ƙasa da rabi. Maƙwabta sun ce mu haɗa kuɗi gida huɗu mu kira tanka, maigida kuma ya ce a ci gaba da sayen kura. Muna da rijiya, amma ba ta da nisa da masai, shi ya sa ba ma sha. Wanne ya fi?

Abu Sadik: Ku haƙa burtsatse ku huta. Ni tun da na haƙa ban ƙara kallon famfo ba.

Maman Walid: Malam, suna saura kwana biyar fa.

Ummu Hanan: Barka da arziki, Allah Ya raya. A Rahamawa jarka ɗaya naira 150 muke saye tun jiya.

Ɗan Sabuwar Unguwa: 150? A ina? Da safen nan na ba da 250, sai da na bi mai kurar har bakin titi ina roƙonsa.

Ummu Hanan: Kai baƙo ne a wurinsa. Mai kawo mana shekara da shekaru bai ƙara mana ko sisi ba.

Baban Biyu: 'Yar'uwa, don girman Allah kar ki kira tankar da ba ki san inda take ɗiba ba. A wani yankewar ruwa da aka yi a baya muka haɗa kuɗi haka a layinmu. Da magariba direban ya zo, duhu ya fara, ya jefa tiyo ya cika mana tanki ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Da safe matata ta ɗebo a farin bokiti, sai ga ruwa ja-ja, da wani maiƙo yana yawo a sama, ƙasan bokitin kuma laka ta kwanta kamar kunu. Ashe yara sun riga sun sha da dare. Kafin azahar ƙaramar ta fara gudawa da amai, sai asibiti, ƙarin ruwa leda bayan leda. Abin da na kashe ya ninka kuɗin tankar. Na kira direban, ya ce shi ruwa aka ce ya kawo kuma ya kawo. Maƙwabcin da ya haɗa mu da shi kuwa har yau gaisuwa kawai ke tsakaninmu. Tankin ma sai da muka zubar da ruwan muka shiga ciki da soso.

Hajiya Inna: Subhanallahi. Ai da kun jefa alam, ko ku daka 'ya'yan zogale ku zuba, da ya kwanta tas. Mu da ruwan tafki aka raine mu.

Nas Amina: Hajiya, da girmanki, alam laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. A matata ma bayan alam sai an tace ta cikin yashi, sannan a sa kulorin. Duk wanda ya taɓa ganin kalar ruwan dam ɗin Ajiwa, inda ake kawo mana ruwan famfo, da damina ya san aikin da ake sha kafin ya zama fari. Maman Walid, ki raba ruwanki gida biyu. Na tanki a rufe shi, na sha da girki da jariri kawai. Na rijiya a yi wanki da shara da ban-ɗaki. Idan dole sai an sha wani ruwan, a tace, a dafa ya tafasa sosai na minti ɗaya, a rufe. Ƙa'idar masu aikin agaji lita 15 ce ga mutum ɗaya a rana, ke nan ku tara lita 135, kusan jarka shida.

Hajiya Inna: Jarka shida da mai jego? 'Yata, wankan safe kaɗai tukunya guda yake ci, ga na yamma. Kin taɓa yi wa mai jego wanka da ganyen darbejiya?

Nas Amina: Ruwan wankan ai tafasa shi ake yi, na rijiyar ya isa. Jaririn ne ban yarda a sa masa ba, cibiya ba ta warke ba.

Abu Sadik: Kowa ya zama likita a nan.

Gwauron Layout: Ni buta ɗaya nake wanka da ita har in rage na alwala. Mai son darasi ya zo, kuɗin makaranta jarka ɗaya.

Ummu Hanan: Shi ya sa har yau ba a ba ka mata ba.

Malam Na Ƙofar Soro: Raha a gefe, ya tabbata Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, abin da bai kai lita ba. Mu kuma mu saki famfo yana zuba. Ruwan alwala a tare shi a roba, ya yi yayyafin tsakar gida.

Ɗan Sabuwar Unguwa: Tanka nawa take yanzu ma? An ce mini dubu 25.

Baban Biyu: Wa ya faɗa maka? Ba ka samun ta ƙasa da 40, ga tsadar man dizal.

Maman Walid: Mu 30 aka ce mana. To yanzu in kira ko kar in kira?

Ɗan Sabuwar Unguwa: Ni masu burtsatse ne ke ba ni haushi. Akwai wani a layinmu, ya sa famfo a waje ya rubuta fisabilillahi, ranar da aka ɗauke ruwa sai ga kwaɗo a jiki.

Abu Sadik: Kun san nawa muke zuba wa janareta? Wuta ba ta zama, injin ba da addu'a yake jan ruwa ba. Na buɗe nawa, yara suka karya kan famfon, babu wanda ya ce mini sannu.

Ɗan Sabuwar Unguwa: To ya goge fisabilillahin mana.

Ummu Hanan: Ku unguwarku ma ana kawo wutar ke nan. Mu taransifomarmu tun kafin azumi ta ƙone, an karɓi kuɗin gyara gida-gida, har yanzu shiru. Wa ke riƙe da kuɗin ma?