Wai ta yaya ake cin riba idan ƙasa ta kasa biyan bashi?

Sabon_Shiga:
Jama'a, abin nan ya ɗaure min kai. Na ji wai akwai waɗanda suka kuɗance da karyewar Ajantina a 2001. Ƙasa ta ce ba ta iya biya, to ribar daga ina?

Tsohon_Dillali:
Ƙanena, haƙuri ne da lauyoyi. Idan tsoro ya kama masu takardun bashin gwamnati, sai su zubar da su a wulaƙance. Kamfanin zuba jari na Amurka, Elliott, na attajiri Paul Singer ya kwashi na Ajantina da araha, ya ƙi ragin da akasarin masu bin bashi suka karɓa a 2005 da 2010, ya maka ƙasar a kotun New York. Har jirgin ruwan sojanta, Libertad, ya sa aka tsare a tashar jiragen ruwa ta Tema a Ghana a 2012. A 2016, zamanin shugaban ƙasa Macri, aka biya shi sama da dala biliyan 2. Ba banza ake kiran irin waɗannan kamfanoni ungulaye ba.

Uwar_Lissafi:
Akwai kuma inshorar bashi, CDS. Kana zuba kuɗi kaɗan-kaɗan, ƙasa ta gaza a biya ka, ko ba ka bin ta sisi. Haka aka yi da Girka a 2012.

Sabon_Shiga:
Daga 2001 zuwa 2016, shekara 15 ana jira? Yallaɓai, ni wata uku ma hawan jini zai kama ni.