Zan haɗa falsafa da karatun kwamfuta, da me zan fara?

Ɗalibar kwamfuta: Assalamu alaikum. Ina aji biyu, an ce mu ɗauki kwasa-kwasan zaɓi daga wani sashe, ni kuma hankalina ya karkata ga falsafa. Sai dai Baba na fargabar kada ta taɓa min aƙida. Waɗanda suka riga mu, don Allah da me zan fara?

Yaya lauya: Wa alaikumus salam ƙanwata. Manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja, shi ne farko, kada ki yarda ki tsallake shi. Shi ya koya min gane inda hujja ta karye, har yau da shi nake tsara bayani a kotu. Ke ma zai yi miki daɗi, domin "da", "ko", "idan... to" ɗin da kuke rubutawa a manhaja, daga aikin masanin lissafi George Boole na 1854 suka samo tushe.

Malamin Islamiyya: 'Yata, tsoron Baba ba na banza ba ne, amma ki je masa da wannan. Shehu Abdurrahman Ahalari, wanda muke karanta littafinsa na tsarki da salla, shi ne ya waƙe manɗiƙi a cikin littafinsa Sullam, kuma malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da shi. Imamu Gazali sai da ya ƙware a falsafa kafin ya soki masu ita, daga baya Ibnu Rushdi ya mayar masa da martani. A ƙasarmu ma, Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu da aka haifa a 1804, ya yi rubuce-rubuce a wannan fage. Shawarata dai, duk abin da ya rikita ki, ki kai wa malami. Kada ki kwana da shi.

Tsohon ɗalibi: Ni abin da ya kusa kayar da ni yawan karatu ne. Na ɗauki kwas uku a zango ɗaya, shafi goma na Aflaɗon, masanin falsafar Girka, ya cinye min dare guda. Ɗaya ya isa, kuma ki duba jadawali kada ya ci karo da aikin laburare ko ɗakin gwaji.

Yaya lauya: Haka ne. Bayan manɗiƙi sai falsafar ɗabi'a, musamman ke da gobe za ki riƙe bayanan sirrin mutane.

Ɗalibar kwamfuta: Allah ya saka da alheri. Malam, Sullam ɗin yana da sharhin da mai raunin Larabci irina za ta iya bi? Ina so in nuna wa Baba ranar Juma'a kafin a rufe rajista.