Me ya sa Kufena ya tsaya shi kaɗai a fili?

Ɗan Aji Biyu: Assalamu alaikum. Ina karanta jogirafi, kuma jarrabawar darasin siffofin ƙasa saura sati biyu. Jiya na tsaya gindin Dutsen Kufena a Zariya ina kallonsa, ga shi dunƙule guda, kewaye da shi gonaki shafe. Malaminmu ya ce a ƙarƙashin ƙasa aka sassaƙa shi kafin ya fito. Wallahi kaina ya kasa ɗauka. Dutse ba doya ba, ta yaya?

Tsohon Ɗalibi: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka taɓa tsayawa wurin masu haƙa rijiya? Babana sana'arsa ke nan. Bayan jar ƙasa sai a tarar da abin da yake kira ruɓaɓɓen dutse: ido zai ce maka dutse ne, har ƙyallinsa yana nan, amma ka damƙa sai ya marmashe a tafin hannu. To amsarka ke nan. Zafi da ruwan damina ke wannan aiki. Ruwa na bin tsagar giranit, wato irin dutsen Kufena, yana shiga, ya mayar da wani ma'adini na cikinsa mai suna felsifa yumɓu, ya bar tsakuwar da ba ta narkewa ta zama yashi. Inda tsaga ta yi yawa, ruɓewar kan yi zurfin mita gommai. Inda dutsen yake curi guda, ruwa bai samu ƙofa ba. Da zaizaya ta kwashe ruɓaɓɓen a hankali, sai curin ya bayyana. Bajamushe Bornhardt ne ya yaɗa sunan irin wannan dutse, inselbag, ma'ana tsibirin dutse, a 1900 bayan aikinsa a Gabashin Afirka. Amma ka ambaci Lester King na Afirka ta Kudu, wanda ya ce gangare ne ke ja da baya har ya bar ragowa. Malamai na son a kawo duka bayanan biyu.

Yar Kurmi: Ɗan'uwa, kada ka haɗa Kufena da Dutsen Dala na Kano a jarrabawa. Dala marmara ce ta rufe kansa kamar hula, ita ta kare ƙasan daga zaizaya. Ƙarfen da ke cikinta ne maƙeran farko suka zo nema.

Ɗan Aji Biyu: Na gode yaya, Allah ya saka. Ana haƙa rijiya bayan gidanmu, gobe da sassafe zan je in damƙa da hannuna.