Cips ɗin totiya yana fito min da danƙo ga shan mai, ina matsalar take?

Ummu_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimako a kan cips ɗin totiya, wannan soyayyen na masara mai kusurwa uku da mutanen Meziko suke kira totopos. Ina yanka totiyar, wato siririyar gurasar masara da ake gasawa a kasko, in soya, amma maimakon ya yi garas-garas sai ya fito da danƙo kamar fata, ga shan mai. Wani lokacin kuma ya kumbura, gefe ya ƙone, tsakiya bai soyu ba. Totiyar da aka gasa a ranar nake amfani da ita. Sannan in babu garin da ake yin ta da shi, garin masara na yau da kullum zai yi?

Mai_Kasko:
Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin riga kin faɗi matsalar da bakinki: sabuwar totiya. Ruwa ne fal a cikinta, suya kuwa ba komai ba ce illa korar ruwa. In ruwan ya yi yawa, bayan zai yi ja tun ciki bai bushe ba, shi ne danƙon nan. Kumburin ma daga nan yake, tururi ne ya rasa mafita ya raba totiyar biyu. A Meziko ma da kwantan totiya ake yin totopos, wadda ta kwana ɗaya ko biyu.

Ki jera guda biyar ko shida, ki yanka su kashi shida da wuƙa mai kaifi. Ki baza su a faranti, kada wani ya hau wani, su sha iska awa uku zuwa huɗu, ko su kwana. In kina sauri, oben mai zafin digiri 120 na minti 10 ya isa. Ba gasawa za ki yi ba, so ake su ɗan ƙandare, bakinsu ya fara lanƙwasa.

Sai mai. Ki zuba zurfin santimita 4 zuwa 5 a tukunya mai kauri, kada ya wuce rabin tukunyar, domin yana tasowa in an zuba. Zafin da ake so digiri 175 zuwa 180. In babu ma'aunin zafi, ki jefa guda ɗaya: in ya taso nan take yana kumfa, mai ya yi, in ya nutse ya zauna, da saura, in ya yi duhu cikin sakan 20, zafi ya wuce, ki rage wuta. Kada ki cika tukunya. Guda 10 zuwa 12 a zubi ɗaya sun isa, don yawan zubi yana kashe zafin mai, mai marar zafi kuwa shiga yake cikin abu maimakon ya soya shi.

Minti 2 zuwa 3 ne gaba ɗaya, kina juyawa kina danna su ƙasa da matsami. Kumfar za ki duba, ba launi kaɗai ba. Muddin kumfa tana tashi sosai, da sauran ruwa a ciki. Da ta lafa, ki kwashe, ko da kin ga kamar bai gama yin ja ba, zai ƙara duhu a waje. Ki tsane a kan ragar waya ko takardar kicin, ki barbaɗa gishiri nan take tun man yana sheƙi. Gishirin ya zama mai laushi sosai, mai tsakuwa zubewa yake. Ki jira mai ya koma zafinsa kafin zubi na gaba.

Malam_Nura:
Bayanin suya ya cika. Ni a kan gari zan yi magana. Malama, garin masara na yau da kullum ba zai ba ki totiya ba. Ko ya kwaɓu, da kin danna shi sai ya tsattsage, saboda babu abin da zai riƙe shi. Garin totiya, wanda ake rubuta masa harina a jikin ledarsa, daga masarar da aka dafa da sinadarin kalsiyam haidiroksaid yake, wanda a Meziko ake ce wa kal. Wannan dahuwar ce ke saɓule dusar, ta sa kwaɓin ya haɗe, ta ba shi ƙamshin nan da ake gane totiya da shi. Tana kuma sa jiki ya iya amfana da sinadarin niyasin, wato bitamin B3, da ke cikin masarar.

In kin samu garin: giram 240, ruwan ɗumi kimanin mililita 350, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ki kwaɓa minti 2 zuwa 3, ki rufe ya huta minti 20. Ki gwada da ɗan curi: in kin danna bakinsa ya fashe, ƙara ruwa cokali ɗaya, in yana manne wa hannu, ƙara gari. Don cips, curin ya zama ƙarami, giram 25, ki sa tsakanin leda biyu ki danna da gindin tukunya har ya yi siriri, kaurin milimita ɗaya da ɗan wani abu. Totiya mai kauri tana da daɗin ci da zafinta, amma cips ɗinta sai ya nemi karya haƙori. Ki gasa a busasshen kasko mai zafi, sakan 30 a fuska ɗaya, minti ɗaya a ɗayar. Kada ki soya ɗanyen kwaɓi kai tsaye.

In daga tsabar masara za ki fara, giram 10 na kal ga kilo ɗaya na masara. Ki dafa a ruwa kamar lita 3 har dusar ta fara saɓulewa in kin murza, ki sauke ta kwana a ruwan awa 8 zuwa 12, ki wanke sosai, ki niƙa da danshinta. Kal ɗin dole ya zama na abinci, ba na gini ba, kuma ki kiyaye idonki da shi, yana ƙuna.

Anti_Bilki:
Ga wanda ba ya son suya, oben ma yana yi, sai dai gaskiya ɗanɗanon ba ɗaya ba ne, na oben ya fi tauri. Ki shafa mai kaɗan a fuska biyu na totiyar tun kafin ki yanka, ya fi sauƙi a kan bin su ɗaya bayan ɗaya. Gishiri, sannan digiri 190, minti 10 zuwa 14, ki juya tiren a tsakiyar lokaci. Minti biyun ƙarshe kada ki bar wurin, tsakanin gasuwa da ƙuna babu nisa. A nan ba sai kin busar da su tukuna ba, oben ɗin ne zai yi aikin.

Ki kuma duba, totiyarki ta masara ce zalla ko ta alkama? Ta alkama ta fi kumbura, ta fi shan mai, kuma tana saurin yin ja. In ita ce, ki sauko da zafin mai zuwa 170, ki caccake ta da cokali mai yatsu kafin yanka.

Ummu_Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ta masara ce. Na busar da su sun kwana, sun fito garas-garas, sai dai washegari sun yi sanyi sun saki. Yaya zan adana?

Mai_Kasko:
Wataƙila kin rufe su da sauran ɗumi, tururin ya koma musu. Ki bari su huce sarai, kamar rabin awa a baje, sannan ki zuba a mazubi mai murfin da iska ba ta shiga. Kada ki sa a firji. Za su kai kwana uku zuwa biyar. Waɗanda suka saki kuma ba su lalace ba, minti 5 a oben mai digiri 175 zai dawo da su. In kuma kina son ruwan lemon tsami a kai, sai lokacin ci, in ba haka ba ki kankare bawonsa ki haɗa da gishirin.