Sunan nan Cholmondeley: ya ake furta shi, me yake nufi?

Ɗan Kware: Assalamu alaikum malamai. Wanga suna Cholmondeley na Turawan Ingila, haruffa goma sha biyu, an ce "Camli" ake kiransa. Ina sauran haruffan suka tafi, kuma mene ne asalinsa?

Malam na Runjin Sambo: Wa'alaikumus salam. Sunan gari ne, kamar yadda muke da Shagari da Tambuwal. Ƙauye ne a lardin Cheshire, kusa da Malpas, kuma yana cikin Domesday, kundin ƙidayar filayen Ingila na 1086, inda aka rubuta shi Calmundelei. Gida biyu ne a tsohon Turanci. Na farko Ceolmund, sunan mutum: ceol jirgin ruwa, mund kariya. Na biyu leah, fili da aka sare a cikin daji. Ka ga in da a ƙasar nan ne, sai a ce Tungar Ceolmund. Baki ya yi ta cinye tsakiyar kalmar shekaru aru-aru, alƙalami kuwa ya tsaya inda yake.

Hajiya 'Yar Mabera: Ƙari kan na Malam, ga mai son bin zuriya. A Ingila rajistar haihuwa, aure da mutuwa ta gwamnati ta fara ne a Yulin 1837. Ƙidayar farko mai sunan kowa da kowa ita ce ta 1841, amma a kula, an zaftare shekarun manya zuwa adadi mai ƙarewa da 5 ko 0, ɗan 44 sai ka gan shi 40. Kafin nan sai littattafan coci, waɗanda aka yi umarnin a fara a 1538. Inda mutane ke faɗuwa shi ne neman rubutu ɗaya tak. Magatakarda abin da kunnensa ya ji yake rubutawa, shi ya sa mutum guda zai fito a Cholmeley nan, Cholmley can, Chumley a wata takardar. A nemi duka.

Malam na Runjin Sambo: Gaskiyarki Hajiya. Kuma ɗana, kada ka ɗauka duk mai sunan jinin gidan sarautar Cholmondeley ne, masu katafaren gidan nan Houghton Hall a lardin Norfolk. Wani kakansa dai daga ƙauyen ya taso ya koma wani gari, aka riƙa kiransa da inda ya fito. Ai ba duk Tambuwal ne ɗan Sarkin Tambuwal ba.

Ɗan Kware: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani.