Neman taimako: hoto yana karkacewa a kan FPGA

Assalamu alaikum, injiniyoyi. Ni ɗalibi ne a Sakkwato, ina tsara da'irar gano gefunan abubuwa a hoto ta hanyar Sobel (lissafin da ke duba bambancin haske tsakanin ɗigogin hoto masu maƙwabtaka), da Verilog (yaren rubuta tsarin da'ira), a kan FPGA, wato guntun lantarki da ake iya tsara da'irar cikinsa. Kyamarar OV7670 ce, mai ɗigon hoto 640 sau 480. Na ajiye layi 2 na hoton don tagar ɗigo 3 sau 3 da ake lissafi a kanta ta cika, ana lissafa gefen tsaye da na kwance lokaci guda.

A gwajin kwamfuta komai lafiya lau. Amma a allo hoton yana zamewa, layuka na karkacewa. Agogon kyamara (siginar da ke tsara saurin aikinta) daban, na VGA (hanyar aika hoto zuwa allo) daban, nan nake zargi. Shin FIFO (ma'adanar da abin da ya fara shiga shi ke fara fita) mai agogo biyu zai wadatar, ko sai an ajiye hoton dungurungum? Ma'adanar cikin guntun ba za ta ɗauki hoton dungurungum ba. Don Allah ku taimaka, lokacin miƙa aiki ya matso.